Amsa ga wata ungozoma mai shirin tafiya Jodan aikin kula da 'yan gudun hijirar Siriya

"Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, shekarata tara ina aiki a Kano. Wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ni aiki a arewacin Jodan, a wani asibitin sha-ka-tafi da yawancin masu zuwansa 'yan gudun hijirar Siriya ne. A takardun da suka turo min sai nanata maganar mutunta al'adar marasa lafiya suke yi. Ni dai a ganina tunda Musulmi ne, ni ma Musulma ce, kuma na yi Islamiyya har ina jin Larabci daidai gwargwado, ba zan sha wuya ba. Ko akwai abin da ban hango ba?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri a wannan tafiya. In na fahimce ki da kyau, so kike ki san ko addinin da kuka haɗa da ɗan Larabcin da kike ji sun wadatar, in kuma ba su wadatar ba, me ya rage. Gaskiyar magana, za su buɗe miki ƙofar da Baturiya za ta shekara tana ƙwanƙwasawa. Sai dai su ɗin ne kuma za su iya sa ki saki jiki ki daina tambaya, ki riƙa ɗauka kin riga kin san mutumin da ke gabanki. Ni abin da ya same ni ke nan a watannina na farko. Na yi wajen shekara uku tsakanin garuruwan Mafraƙ da Irbid na arewacin Jodan, na ɗan taɓa kwarin Biƙa na Labanon, sannan na sake leƙawa Jodan bayan faɗuwar gwamnatin Asad ta Siriya. Saboda haka maganata ta fi zama a kan mutanen kudancin Siriya da na Hims, waɗanda na zauna da su. Mai zuwa wajen Kurdawa a arewacin Iraƙi ko mutanen Halab a Gaziantep ta Turkiyya sai ya yi mata gyaran fuska.

Su wane ne za su shigo ɗakinki

Rikicin Siriya ya faro ne a watan Maris na 2011 a garin Dar'a, dab da iyakar Jodan, shi ya sa mafi yawan mazauna sansanin Za'atari 'yan wannan lardin ne. An buɗe Za'atari a watan Yulin 2012, ya daɗe yana ɗauke da mutum wajen 80,000, har ya zama gari guda mai kasuwa da gidajen burodi da shagunan hayar kayan amare. Sansanin Azraƙ ya biyo baya a 2014. Amma kada sansani ya ɗauke miki hankali. Cikin 'yan Siriya sama da 650,000 da suka taɓa yin rajista a Jodan, kusan huɗu cikin biyar a cikin gari suka zauna, suna biyan haya a Amman da Irbid da Mafraƙ da Zarƙa. Siriya, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 22 ba kafin yaƙi, fiye da rabinsu sun bar gidajensu, Turkiyya kaɗai ta taɓa ɗaukar sama da miliyan uku da rabi. Tun da Asad ya gudu ranar 8 ga Disamban 2024, fiye da mutum miliyan ɗaya sun koma gida daga ƙasashen waje, don haka kusan duk gidan da za ki shiga za ki tarar ana musun a koma ko a ƙara jira.

In an ce miki "ɗan Siriya", ki ji shi kamar an ce "ɗan Najeriya". Bakano da mutumin Ibadan da na Kalaba duk sunan ya hau kansu. Mafi rinjaye Larabawa ne 'yan Sunna, amma akwai Kiristoci, da Alawiyyawa, da Duruz na Suwaida, da Isma'iliyya, da Kurdawa masu yarensu, da Falasɗinawan da aka haifa a unguwar Yarmuk ta Dimashƙ suka sake yin hijira karo na biyu. Ko a cikin 'yan Sunnan, matar da ta yi digirin harhaɗa magunguna a Dimashƙ da manomiyar Hauran, a karkarar kudu, da aka aurar tana da shekara sha biyar ba abu ɗaya suke nema a wajenki ba. Kada ki tambayi mutum ɗarikarsa, kada ki tambaye shi ɓangaren da ya goya wa baya a yaƙin. In kina bukatar sanin wani abu don magani, ki tambayi abin kansa: akwai abincin da ba ka ci, za ka yi azumi, kin fi son mace ta duba ki?

Mutanen da suka saba da likita

Kuskurena na farko shi ne na je da tunanin sansanin 'yan gudun hijira irin wanda na sani, inda zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da tamowa suke cika layi. Sai na tarar da layin ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, asma, ciwon ƙoda. Tun kafin yaƙi, irin waɗannan cututtukan da ba a ɗaukarsu su ne ke kashe kimanin uku cikin huɗu na masu mutuwa a Siriya. A lokacin ƙasar tana haɗa kusan kashi 90 cikin ɗari na magungunanta da kanta, asibitin gwamnati kusan kyauta ne, kuma mai ɗan hali kai tsaye yake tafiya wajen ƙwararren likitan zuciya ko na mata ba tare da wani ya tura shi ba. Shan inna ma an rabu da ita tun 1999, sai a 2013 yaƙi ya dawo da ita a Dairuz Zur. Wannan sabo da likita ma al'ada ce, kuma ita ce za ki fi cin karo da ita kullum, fiye da maganar mayafi ko gaisawa.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa da shi. Ya shigo ya zazzage min wata baƙar leda a kan tebur, kwalayen magani ne fal, duk babu komai a ciki, ga wata takardar awon zuciya da ta yi laushi saboda naɗewa. Shekara biyu yana yawo da su. Na rubuta masa maganin hawan jini, ya karɓo, ya dawo ya ajiye min kwalin ya ce wannan ba nasa ba ne. Ni kuwa na rubuta a katinsa cewa ba ya bin umarnin likita, har yau ina jin kunyar wannan rubutun. Ashe sunan kamfani ne ya bambanta. Da wata ma'aikaciyarmu 'yar Irbid ta jera tsohon kwalin da sabon ta nuna masa amlodipine 5 a jikin kowanne, sai ya ɗora hannu a kai ya ce mun gama masa komai. Tun daga ranar, duk wanda ya zo da leda sai na ce ya zazzage. Wannan ledar ita ce kaɗai fayil ɗin asibitinsa da ta tsira.

Za ki sha jin "biddi dawa iltihab", wato ina son maganin kumburi, abin da suke nufi kuwa maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. Sun saba shiga shagon magani su saya ba takarda, kamar dai kemis ɗin unguwarmu. Allura da ƙarin ruwa kuma a wajensu sun fi ƙwaya daraja, wannan kin san shi tun daga gida. In uwa ta kawo yaro da mura kika sallame ta da farasitamol cikin minti biyu, abin da za ta fahimta shi ne don ita 'yar gudun hijira ce aka ba ta maganin talaka, kuma daga wajenki kemis za ta wuce. Abin da ya yi min aiki shi ne in duba yaron sosai a gabanta, in saurari ƙirji, in haska maƙogwaro da kunne, ina yi ina faɗa mata abin da na gani da abin da ban gani ba, sannan in ba ta rana takamaimai ta dawo in zazzaɓin bai sauka ba. Wanda aka taɓa jikinsa aka yi masa bayani ya fi haƙurin fita hannu rabbana. Ba kullum yake ci ba, wasu duk da haka za su je su saya.

Farar riga da takarda

Mu a gida asibiti wurin neman sauƙi ne, ko da ana ƙorafin layi da tsawar ma'aikata. Su kuwa da yawansu sun ga lokacin da zuwa asibiti da raunin harsashi yake nufin a kama ka. An kai wa cibiyoyin lafiya hari sau ɗaruruwa, an kashe ma'aikatan lafiya sama da 900 a tsawon yaƙin. A wasu asibitocin soja an azabtar da mutane a kan gadon jinya, har a watan Yunin 2025 wata kotu a Frankfurt ta Jamus ta yanke wa wani likita ɗan Siriya ɗaurin rai da rai a kan haka. Mutumin da ya girma a ƙasar da ake cewa bango yana da kunne, in ya ga kin ɗauki biro kina tambayar garinsu da sunan mahaifinsa da inda ya samu tabon bayansa, ba lallai ya ga ma'aikaciyar jinya ba.

Cewa "sirrinka yana hannunmu" ba ta isa ba. Ki faɗa masa dalla-dalla wa zai karanta wannan takarda, a ina ake ajiye ta, kuma ba ta zuwa wajen 'yan sanda ko ofishin jakadanci. Kafin ki faɗa, ki tabbatar da haka daga shugabanninki, har da abubuwan da dokar Jodan ta wajabta a kai rahotonsu, don kada ki yi alkawarin da ba naki ba. Sannan ki kula da jiki. Wani magidanci da muka kwantar za mu yi masa awon zuciya, ana fara manna masa wayoyin nan a ƙirji sai ya fizge su ya diro daga gado yana haɗa gumi, ya fita ko takalmi bai tsaya sawa ba. Daga baya matarsa ta ce ya yi wata goma sha ɗaya a tsare, da wutar lantarki aka yi ta gana masa azaba. Da na nuna masa na'urar tun farko, na ce ba ta ja, na ba shi waya ɗaya ya riƙe a hannunsa, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Kada ki tsaya a bayan mutum, kada ki rufe ƙofa da ƙarfi, ki faɗi abin da za ki taɓa kafin ki taɓa. Kuma kada ki tono labarin da ba ki da inda za ki kai shi. In ya so zai faɗa, sau da yawa a zuwa na huɗu ko na biyar, yana riƙe da marfin ƙofa zai fita.

Larabcin Islamiyya da Larabcin Sham

Larabcinki zai ba su sha'awa, tsofaffi ma har su yi ta sa miki albarka, amma za su ji ki kamar mai karanta labarai a rediyo, ke kuma da farko rabin maganarsu za ki kama. "Shu" ne me, "wen" ina, "biddi" ina so. Zuciyar da kika sani da "ƙalbi", mutumin Dimashƙ "albi" zai ce, na Dar'a ya ce "galbi". Na taɓa yi wa wata uwa dogon bayani kan kada ta ba jaririnta "laban" na gwangwani, tana ta kallona da mamaki. A wajensu laban kindirmo ne, madara kuwa "halib". In mutum ya ɗaga gira ya ɗan ɗaga haɓa ya yi ƙaramin tsaki, a'a kawai yake nufi, ba raini ba ne. Ni da na fito daga inda tsaki yake jawo mari, sai da na yi sati ina cika ina batsewa kafin a fahimtar da ni.

Ki koyi kiran mutane da alkunya, Ummu wane ko Abu wane, da sunan babban ɗansu. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Dattijuwa "khale" ko "hajje", dattijo "ammo" ko "hajji". In mara lafiya ya shigo ki ce "salamtak", mace "salamtik", za ki ga fuska ta saki. Kuma ki sani amsar farko kullum "alhamdulillah" ce, daidai da "da sauƙi" ɗinmu da mutum yake faɗa ko yana gargarar mutuwa. Ainihin ciwon yana zuwa ne a tambaya ta biyu ko ta uku.

Inda harshen ya fi nauyi shi ne wajen damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da aka yi yaƙi yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga matsananciyar damuwa zuwa firgita. Amma da wuya wani ya zo ya ce miki ga abin da ke damunsa ke nan. Kafin yaƙi likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Siriya ba su kai ɗari ba, wanda aka kai wajensu kuwa sunansa "majnun", kuma tabon yana bin 'yan matan gidan har wajen neman aure. Abin da za ki ji shi ne ciwon kai, ciwon baya, hannu yana sagewa, ƙirji ya yi nauyi. Za ta ce "makhnuƙa", wato an shaƙe ni, ko "habat albi", gabana ya faɗi, ko "a'sabi ta'bane", jijiyoyina sun gaji. Kalmar jijiyoyin nan ki riƙe ta da kyau, domin babu abin kunya a cikinta. Matar da za ta tashi ta fita in kin ambaci likitan ƙwaƙwalwa, za ta zauna in kin ce abin da ta gani ya gajiyar da jijiyoyinta kuma akwai mai taimakawa a kan haka. Sai dai ki fara auna jininta da sugarta, ki duba ƙirjin da ta ce yana ciwo. In kin tsallake wannan kin ƙaryata ta ke nan, kuma wani lokacin ciwon zuciyar na gaske ne.

Maganar kashe kai ma da gefe ake shigarta. Tambaya kai tsaye tana jawo "a'uzu billahi, haramun ne", a rufe babin. Ni nakan ce, akwai daren da kike fatan ki kwanta kada ki farka? In ta ce e, sai in matsa a hankali zuwa ko ta taɓa tunanin hanyar da za ta bi. Ki nemi horon mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke koya wa ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba kula da larurar ƙwaƙwalwa, in ba ki yi ba. Akwai kuma wani tsari nata na zama biyar da ake koya wa wanda ba ƙwararre ba ya gudanar, an gwada shi a kan 'yan Siriya a sansanin Azraƙ. Masu zuwa ruƙiyya ko masu cewa kambun baka ne ya kama yaro, ban taɓa yin musu da su ba. Nakan ce a ci gaba da addu'a, a haɗa da wannan. Inda nake kafewa shi ne farfaɗiya da taɓin hankali na sosai, da kuma duk malamin da ya ce a ajiye magani.

Addini ɗaya, mazhaba daban

Mu Malikawa ne, su yawanci Shafi'awa ne da Hanafawa, kuma bambancin yana shigowa har ɗakin awo. A mazhabar Shafi'i, fatar namiji ta taɓa ta macen da ba muharramarsa ba alwala ta karye, ko babu sha'awa. Dattijon da ya janye hannu lokacin da kika zo auna shi dab da azahar, alwalarsa yake tsarewa, ki sa safar hannu a wuce wurin. A wajen Hanafawa kuma jinin da ya fito ya gudana yana karya alwala, shi ya sa wani zai ce a bari ya yi salla kafin a ɗebi jini. Wajen gaisawa ki bar mutum ya fara miƙo hannu, in ya ɗora nasa a ƙirji ke ma ki yi haka.

Azumi kuwa tun saura wata ɗaya ko biyu ake fara maganarsa da masu ciwon suga. In kin ce kada su yi, za su ce to, su je su yi a ɓoye, su kuma sauya lokutan maganinsu da kansu. Gara ku zauna ku tsara: a mayar da magani lokacin buɗa-baki da sahur, wanda yake kan glibenclamide a duba sauya masa saboda yana faɗar da suga, a koya masa cewa huda yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma in suga ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300 a sha ruwa nan take. Wanda azumin yake da haɗari gare shi ƙwarai, kamar mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, limamin unguwarsu ya fi ki iya shawo kansa.

Ga wani tarko da ya fi kama irinmu. Saboda muna jin addininmu ɗaya, bakinmu yana saurin zuwa wa'azi. Wata uwa da ta rasa 'ya'ya biyu a rana ɗaya tana ba ni labari, na tare ta da "ki yi haƙuri, ƙaddara ce". Ta dube ni ta ce kowa haƙuri yake ba ta, ita ta san Ubangijinta, barci ne ba ta iya yi. Na yi shiru. Haka kuma za ki ga hajiya da hijabinta tana zuƙar shisha, ki ga wata ba ko ɗankwali. Shishar ki yi maganarta a matsayin abin da ke cin huhu da zuciya, ɗankwalin kuwa ba aikinki ba ne.

In ciwon daji ne, ko sunansa ba sa son kamawa, "hadak il-marad" suke cewa, wancan ciwon. 'Ya'ya za su tare ki a baranda su roƙe ki kada ki faɗa wa mahaifiyarsu. Ba na yi mata ƙarya, ba na kuma jefa mata labarin. Tun kafin sakamako ya fito nakan tambaye ta, in an samu wani abu, ke za a faɗa wa ko akwai wanda kike so a yi maganar da shi? Duk abin da ta zaɓa shi nake bi.

Ɗakin awo da ɗakin haihuwa

Nan ne fagenki, kuma kasancewarki mace rabin aikin ne. Matan birni sun saba da likitar mata mai zaman kanta da ke yi musu hoton ciki a kowane zuwa, da yawa kuma sun saba da haihuwa ta tiyata har suna nemanta da kansu. Awon da ba hoto a ganinsu ba awo ba ne, don haka ki bayyana abin da tef da na'urar jin bugun zuciyar ɗa suke gaya miki. Robar mahaifa, wadda suke kira "laulab", sananniya ce a wajensu, ba sai kin yi dogon zagaye ba. Amma za ki haɗu da wadda ta haihu shida tana neman na bakwai saboda an kashe mata 'yan'uwa maza uku, gidan yana son ya mayar da sunayensu. Maganar tazara don jikinta ya huta tana shiga, maganar kin haihu da yawa ba ta shiga.

Uwar miji za ta shigo tare da ita, sau da yawa ita ce mai amsa tambayoyin. Kada ki kore ta, domin ita za ta yanke abin da za a yi a gida. Ki girmama ta, ki tambayi yadda ta yi renon nata, daga nan ki tace. Kunun karawiya da ake dama wa mai jego da zaman arba'in babu ruwanki da su. Ruwan yansun (wani iri mai ƙamshi da suke dafawa kamar shayi) da ruwan suga da ake ɗura wa jariri, da kwalli a ido wanda wani yana ɗauke da dalma, da naɗe ƙafafun jariri tamau a miƙe wanda ke iya gurɓata ƙugu, waɗannan su ne za ki kashe ƙarfinki a kansu. Sannan ki samo dalilin keɓewa da matar ko na minti uku ne. Ni nakan raka ta kai fitsari. A wannan ɗan lungun na ji labarin duka, da cikin da ba a so, da ƙwayar da ake sha a ɓoye.

Aurar da 'yan mata ƙanana ya ƙaru a gudun hijira, iyaye suna kiransa "sutra", wato rufin asiri, ga tsoron abin da zai sami yarinya ga kuma baki ɗaya da zai ragu a kan tukunya. Mu ba baƙin wannan muhawara ba ne, don haka ba ki da hujjar ɗaga hanci, ba ki kuma da hujjar kau da kai. Yarinya mai shekara sha biyar da ciki tana bukatar ƙarin kulawa kan ƙarancin jini da jijjiga da doguwar naƙuda. Ga kuma matsalar takarda: auren da shehi ya ɗaura ba a yi masa rajista a kotu ba yana hana jariri samun takardar haihuwa, har wata ta ƙi zuwa asibiti haihuwa ko ta zo da katin yayarta. In kin ga shekarun kati ba su yi kama da fuskar ba, ki sake duba rukunin jininta, sannan ki haɗa su da masu ba da taimakon shari'a.

Auren zumunci yana da yawa, shi ya sa za ki ga talasimiya, ciwon jini na gado da ke kama da sikilarmu wajen yadda ake gadonsa. Jodan ta wajabta gwajinsa kafin aure tun 2004. Yadda kike yi wa masoya bayanin AS da AS a Kano, haka za ki yi a can, ba tare da kin zagi auren dangi ba. Yaron da ya ci ful, wani irin wake da suke ci, da safe ya wayi gari idonsa ruwan ɗorawa, fitsarinsa kamar shayi, ki tuna da ƙarancin G6PD, larurar gado da ke sa ƙwayoyin jini su farfashe in an ci wannan wake. Tafinta kuma kada ya zama ɗan matar, kada ya zama maƙwabci daga layinsu. Yaro ɗan shekara goma bai kamata ya fassara zubar jinin mahaifiyarsa ba.

Wata aba da takardun ƙungiyarku ba za su faɗa miki ba: ke baƙar fata ce. Za a tambaye ki ko daga Sudan kike, wani ya ɗauka mai shara ce ke ya nemi a kira masa likita, yara su bi ki da kallo, wani lokacin ki ji kalmar da za ta ɓata miki rai. Mafi yawansu rashin sabo ne, kuma waɗanda suka fara da kallon nan su ne daga baya suke aiko miki da makdus, yalon da suke adanawa cikin man zaitun, a kwalba. Wanda ya wuce gona da iri kuwa ki kai maganarsa gaba, mutunta al'ada bai haɗa da haɗiye wulaƙanci ba.

Abin da ake laƙaba wa al'ada alhali talauci ne

Na sha zama a taro ana cewa 'yan Siriya ba sa zuwa a ranar da aka ba su, ba sa kiyaye abinci, wai al'adarsu ce. Ki binciki kuɗin mota tukuna. A Jodan an daina duba su kyauta a asibitocin gwamnati a ƙarshen 2014, aka tsauwala kuɗin a 2018, aka sassauta a 2019, kuma tallafin ƙungiyoyi sai raguwa yake yi. Mai ciwon sugar da kika ce ya rage burodi ya ƙara ganye da kifi, katin abincinsa burodi da shinkafa da shayi kawai yake iya saya. Wanda ya raba ƙwayarsa biyu ba jahilci ba ne, so yake ta kai shi ƙarshen wata. Wankin ƙoda da maganin daji kuwa akwai ranakun da na rubuta takardar turawa ina sane babu mai biya. Wannan babu iya gaisuwa ko iya Larabcin da ke gyara shi, kuma zai bi ki har makwanci, don haka ki samu wadda za ki riƙa sauke wa zuciyarki tun da wuri.

Yanzu da ake komawa, ki ɗauka duk mai ciwo mai daɗewa da ke gabanki wataƙila ganin ƙarshe kike yi masa. Ki rubuta masa taƙaitaccen tarihin ciwonsa da Larabci, da ainihin sunan kowane magani ba sunan kamfani ba, ki cika katin rigakafin yara, ki ba shi maganin da zai kai shi wata biyu ko uku in dokar wurin aikinki ta yarda, ki kuma ja kunnen yara kan nakiyoyi da harsasan da ba su fashe ba a gonaki da kangaye. A komawata ta ƙarshe wata dattijuwa mai allurar insulin ta ɗauki hoton takardar da na rubuta mata ta tura wa ɗanta ta WhatsApp, shi ya riga su tafiya ƙauyensu a Dar'a don ya duba rufin gidan. Kafin ta tashi ya amso cewa akwai maganin a gari, amma wuta sai a yini ba a gan ta ba, firiji ya zama kabad. Na gaya mata kwalbar da aka buɗe tana kai sati huɗu in ba ta sha rana ba, sannan na zana mata ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da tsumma mai laima a ajiye a inuwa, yadda ake yi a ƙauyukanmu. Ta kalli zanen ta yi dariya, ta ce kakarta ma a tulu take sanyaya ruwa, ta naɗe takardar ta tura cikin ledar magungunanta.